Zubin Ferran

A Igualada, bayan gidan burodi,
Ferran ya jera gwangwanaye kan benci.
Silikon mai kuza araha ne, sai dai yana tsukewa,
bara ya murguɗe masa rufin mota.
Mai tsadar kuwa, da ya sunsuni farar wuta a yumɓu
sai ya ƙi daskarewa, ya zauna kamar koko.

Rezin fa? Na minti uku
ya fi hannunsa sauri yanzu.
Kumfa ta maƙale a fitilar gaba.

Jikarsa Meritxell ta ɗago na minti ashirin:
"Wannan yana jiran mutum, Kaka."

Ya auna, ɗigo-ɗigo.
Asabar bodin zai bi tsagin titi a guje,
ba wanda zai san hannun ya yi rawa.