Kwad

Shekara talatin ina jera baƙi,
A maɗaba'ar Zango, ɗaki mai zafi da hayaƙi,
Har yau yatsuna ba su rabu da baƙi,
Dalma da tawada sun ci mini hannu.

A can na fara jin ta, wata Talata,
Bakin Bitrus ɗan Jos, abokin sana'ata,
"Miƙo min kwad." Na ɗago fuskata:
Kwaɗon ruwa, na ƙofa, ko na rama? Na ruɗu.

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi,
Ya ɗauko ɗan ƙarfe, ba tsawo ba faɗi,
Ba harafi a kansa, ba shi da abin faɗi,
Aikinsa ya tsaya tsakanin kalma biyu.

Mu 'yan lakwal "kadara" muka iya cewa,
Ya ce, to ga kadarar da ba ta sayuwa.
Ya koma gida shekarar da aka yi yunwa,
Ya bar min kalmar a tasha, muka rabu.

Da kwamfuta ta zo aka ja mana ƙyaure,
Aka auna dalmar kilo-kilo a zaure,
Na ce kalmar ma an sa ta a buhu an ɗaure,
Ashe ba ta mutu ba, ta ma yaɗu.

Bara jikana Kalla, ɗan ƙwallo,
Aka kawo shi ranga-ranga, unguwa na kallo,
Likita ta zana mana cinya a allo,
Ta ce kwad ne ya ja, tsoka mai kai huɗu.

Na ce, 'yata, cinya kuma ya sauka?
Ta ce, Baba, ai kai ma kana da naka,
Shi ke miƙar da kai bayan sujadarka.
Na shafa ƙafata, na ce mata sannu.

Ran Alhamis kuwa, bakin Kasuwar Dole,
Ɗan Alhaji Maina ya tashe mu dole,
Kan babur mai ƙafa huɗu, ya ɓarar da zogale,
Yara na ihu, kwad! kwad! duk sun taru.

An ce na rairayi ne, na Tanut da gaba,
Mu nan duwatsu gare mu, ba a gaya masa ba,
Bai kewaye Birni ba taya guda ta yi gaba,
Aka turo shi gida kan ƙafa uku.

Autata Falmata na karatu a Zariya,
Na kira ta da dare, iska na kaɗa waya,
"Ina kike?" "Ina kwad, Baba, ni da Dariya."
Na ce sauko maza, kar ƙafarki ta gurɗu!

Ta ce a'a, fili ne, gini ya kewaye,
Gabas da yamma, kudu da arewa a tsaye.
Na ce tsakar gida ke nan, irin ta iyaye,
Ashe a kwad aka binne cibiyarki, gidanmu.

Akuyar matata Gaptiya ta zubo huɗu da damina,
Kalla ya ce su ma kwad ne. Ka ji magana!
Gaptiya ta ce ku ba su ko wane suna,
Nono dai biyu ne, a san yadda za su rayu.

Kalma ɗaya da kaya kamar amalanke,
Kowa ya zo ya ɗora nasa ya miƙe,
Huɗu ce uwarsu duka, in ji masu bincike,
Ni dai ta bakin Bitrus ce ta zaunu.

Akwai guda a gwangwanin allurar Gaptiya,
Na ɓoye shi ranar da aka kwashe dukiya,
Jiya Kalla ya ce, "Kaka, in jefa a rariya?"
Na ce ajiye. Ba don shi ba, me zai karantu?

In dare ya yi, mu biyu a tabarma,
Ta yi magana ta yi shiru, haka ni ma,
Shirun nan na tsakani mai nauyin dalma,
Ban gaya mata sunansa ba har yau.