Ranar da Iska Ta Rufe Fili

Iska ta kulle mana fili tun hantsi.
A Punta Arenas ba a yi mata gardama:
in ta ce zauna, sai ka nemi kujera.
Mu huɗu a rumfar gyara, buta tana tsuwa,
jiragenmu a waje, ɗaure da igiya,
suna fizge-fizge kamar awaki a turke.

Baldomero Oyarzo ne ya tsokano zancen.
Ya ce shi dai a ƙera masa mai fiffiken shaho,
wanda in iska ta mare shi sai ya lanƙwasa,
ba irin namu ba, mai taurin kai,
mai kukan ƙarfe a kan duwatsu.
Ba ya shan mai. Guguwa ce tuwonsa.
Ranar da kowa ya naɗe, ranar yake ƙoshi.
Muka bushe da dariya,
wanda ya biya kuɗin mai jiya ya fi kowa ƙyaƙyatawa.

Nélida ta ture kofinta.
Ku yi ta shawagi a ƙasa-ƙasa, in ji ta,
ni can nake so, inda shuɗi ke ƙarewa baƙi ya karɓa.
Kumbo ɗan mitsitsi, kujera ɗaya tal,
ba muryar hasumiya a kunnena,
ba takardar da zan cike.
Taga tun daga goshi har tafin ƙafa.
In zagaya ta ƙeyar wata,
gefen nan da bai taɓa kallonmu ba,
in kashe inji,
in ji ko shiru yana da gindi.
Sannan in dawo
kafin a tashi 'yata daga makaranta.

Aka juyo kaina.
Ni mai kai magani da wasiƙu tsibirai,
burina bai kai nasu tsawo ba.
A ba ni jirgi mai birki a sama,
wanda zai toge cikin gajimare kamar jaki,
ya jira in gane ina ne dutse.
Kuma ya iya ja da baya.
Ba da yawa ba.
Daƙiƙa goma sha ɗaya,
waɗanda Facundo bai samu ba.

Ba wanda ya yi dariya.
Kwanon rufi ya amsa, ya sake amsawa.

Don Eleuterio yana can yana shara.
Shekara uku ke nan da likita ya nuna masa allon haruffa,
ya karanta layin sama, sauran suka narke.
Kullum sai ya zo. Wai ƙura ba ta hutu.
Ya jingina tsintsiya a tsakanin gwiwoyinsa,
ya riƙe sandarta da yatsu uku.

Nawa, ya ce, ba shi da allura ko agogo.
Ba ya tambayar ido.
Da tafin hannu ake karanta shi,
da ƙashin baya, da ɗanɗanon iska a haƙori.
In ka tsufa, sai ya ƙara sauƙi.

Ya lumshe ido, ya karkata tsintsiyar hagu kaɗan,
wallahi sai da muka karkata tare da shi.
Ya saurari rufi.
Ku shanye shayinku, ya ce,
saura minti ashirin ta gaji.

Sha takwas ta yi.

Muka kwance igiyoyi da yatsu masu sanyi.
Ya tsaya bakin ƙofa, tsintsiya a kafaɗa.
Na duba takardar kaya, na duba kujerar dama,
na ciro alƙalami na ƙara layi ɗaya:
buhun wasiƙa, kilo sittin da takwas,
tsoho, a yi hankali da shi.