Maƙerar Ciki

Shekara talatin ina zubin tukwane a Bolari.
Gwangwanin lemo, lanƙwasasshen murfi, karyayyen ludayi,
duk abin da Gombe ta yar, ni ke tsincewa,
in narka, in zuba a ƙasa mai danshi,
kafin la'asar tukunya ta fito tana ƙyalli.

Sai cikina ya juya mini baya.
Sau tara nake zagayawa kafin azahar,
da jini, da majina, da murɗa.
Wandon sallar bara yanzu zai ɗauki mutum biyu.
Na sha sabara, na sha ɓawon marke.
Aka ce basir, aka ce atuni,
wani ma ya rantse sammu ne.

Dakta Rifkatu, 'yar Billiri, ta leƙa hanjina da fitila,
ta ce bangon ya yi jajur kamar garwashi.
Ta tambayi sana'ata. Da na faɗa, sai ta ajiye biro.

"Baba, ai kai ne za ka gane.
Kowace ƙwayar halitta da maƙerarta.
Abin da ya lalace a cikinta,
da ƙwayar cutar da ta kutso,
takan ƙunshe su, ta narka, ta sake gini da su.
Cin kanta take yi don ta rayu.
A wasu masu irin ciwonka, wutar nan ce ta yi sanyi.
Tarkace ya taru,
masu gadin jiki suka hango tsibi,
suka yi ta kai farmaki,
har suka cinna wa gidan wuta."

Na ce, to a ba ni zugazugi mana.
Ta girgiza kai: "Shi ake ta nema a ɗakunan bincike.
Abin da ke hannuna
na lallashin masu gadi ne."

Ƙwaya biyu da safe, allura in lokaci ya yi.
Na rabu da taba. Yaji kuwa, muna gaisawa daga nesa.

Yau na koma rumfa.
Manu na juya ƙafar keken da ke hura mana wuta,
ina kallon gwangwani yana durƙushewa,
yana mance abin da yake a da.
Na ɗora hannu a ƙasan cibiya,
na ce a hankali, kada yaron ya ji:
ku ma ku hura.

Jiya na ci tuwo rabin malmala.
Ladan ne ya tashe ni, ba cikina ba.