Milimita Bakwai

Ruwan Curitiba bai ɗauke ba tun Talata.
Garejin Valdemir yana yoyo ta wuri biyu,
bokitinsa ɗaya.
Na turo masa tsohuwar Opalar babana
da tayoyi huɗu, faffaɗa, suna ƙanshin kanti.
Ya dube su, ya dube ni, ya kurɓi kofinsa:
"Jurema, ƙafar raƙumi kika sayo wa akuya."

Ya kifa rim a kan kwali,
ya gitta masa sanda, ya soka rula.
Ya ce sirrin ba a faɗi yake ba,
yana inda cibiyar rim ta sumbaci aksul:
in ta nutsa ciki, taya ta ci shokazoba,
in ta fito waje, leɓen bodi ya ci taya.
Gaba kura, baya sayaki,
tsakaninsu milimita bakwai.
Ya rubuta bakwan a bayan hannunsa
don kada takarda ta jiƙe.

Faifan ƙarfe ya sa tsakani, siriri kamar biskit,
ya canja kusoshi da dogaye,
domin noti mai riƙon zare uku
maƙaryacin amini ne a kan kwana.

Sai aka zo kan leɓen.
Nan na yi shiru.
Fentin nan babana ya fesa shi da hannunsa,
kore, a shekarar da na fara makaranta.
Valdemir ya hura masa zafi har ya yi laushi,
ya riƙa lanƙwasa ƙarfen a hankali, a hankali,
kamar mai naɗe bakin zanen majinyaci.

Wani abu ya zubo.
Jar ƙasa ce, busasshiya, cike da tafi,
ta hanyar gonar da muka sayar.
Shekara ashirin tana maƙale a lungun nan,
babu wankin da ya kai gare ta.
Ya kai hannu ga tsintsiya. Na ce bari.
Na juye sukarinsa a faranti
na tara ta a gwangwanin.

Ya goga alli a kafaɗar kowace taya,
ya kira Dona Zuleide mai gasa biredi
da ɗanta Edmilson mai nauyin mutum biyu,
muka cika kujerar baya,
muka haye tudun rage gudu na gaban coci,
sitiyari a murɗe har ƙarshe.
Kowa ya kasa kunne.

Ƙiii, sau ɗaya, baya ta hagu.

Tocila ta nuna farin layi a cikin leɓe,
gajere, bai kai farce ba.
Guduma ta yi magana sau biyu,
fenti ya tsage kamar gashin gira.
Valdemir ya ce gobe zai shafe shi.
Na ce ya bar mini.

Yanzu tana tsaye da faɗin ƙirji,
yatsana ɗaya ke shiga tsakanin roba da ƙarfe, da ƙyar.
Gwangwanin yana aljihun gaba,
yana ƙara in na sha kwana.