Fitilun Tauno

Satumba ko rabi ba ta yi ba,
dankalina yana ƙasa ban tone ba,
agwagin daji ba su ɗaura niyyar kudu ba,
sai ga Tauno da tsani a kafaɗa
da wani kwali da ɓera ya ci wa kusurwa,
ya nufi itacen ƙofar gidansa.

Ina ɗauraye kofi na hango shi ta taga.
Na ce, yau ga wanda ya riga malam masallaci!
Wata uku cur kafin Kirsimeti,
a nan Kemi, inda komai da ranarsa:
ranar janye kwale-kwale daga ruwa,
ranar sauya tayar mota,
ranar fito da safar ulu daga ƙasan akwati.

Sirkka mai gidan burodi ta ce tsufa ne.
Mijinta ya ce a bari takardar kuɗin wuta ta zo,
ita za ta yi masa wa'azi.
Yara suka tsaya da kekunansu
suna tambaya ko an matso da kyautar bana.

Da ya kunna su ma abin dariya ne,
ƙarfe bakwai, rana ba ta gama sallama ba,
fitilun suna ƙyafta ido a kunyace
kamar baƙon da ya iso biki
ana sharar tsakar gida.

Kashegari ya sake hawa.
Shekara saba'in da tara, tsani yana rawa.
Na ajiye tsegumi, na tsallaka titi,
na riƙe masa ƙafar tsanin da hannu biyu.
Bai gode ba. Ya miƙo min ƙwai ɗaya daga sama,
ya ce, Helmi, wannan ja ne ko kore?

Na ce ja.
Ja ne kamar garwashi, ko daga gidana zan faɗa.

Ya ce haka ya zata.
Ya ce likitan Oulu bai ɓoye masa ba,
idon ƙofa ce da iska ke turawa a hankali,
kafin ƙanƙara ta kwanta a kan rufi
sai dai ya bambance dare da rana.
Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji shi,
bari in gan su tun ina da abin gani,
in jera su a ka, kowanne da wurinsa.

Na rasa inda zan ajiye idona.
Na duba igiyar takalminsa, ɗaya ta kwance.

Ban kai labari gidan burodi ba.
Da dare na shiga ɗakin ajiya da tocila,
na zaƙulo tauraruwar takarda ta mahaifiyata,
na hure ƙurarta, na rataye a tagar da ke kallon tasa.
Ƙanwata ta bugo waya daga Tornio,
wai an ce ni ma abin ya kama ni.
Na ce ya kama.

Yanzu Disamba ce.
Rana takan leƙo kamar mai bin bashi, ta juya.
Kowane gida ya kunna nasa, kan lokaci, yadda ya dace.
Da yamma nakan kama gwiwar hannun Tauno
mu taka ƙanƙara zuwa bakin shinge.
Ya ɗaga kai, ya fara karatu daga sama:
fari, ja, shuɗi, ja, kore biyu a jere
saboda rawayan ya fashe tun shekarar da aka yi ambaliya.

Ya ce, na ukun nan, shuɗin, yana ci?

Tun Oktoba ya mutu.
Na duba shi, baƙi ƙirin a tsakanin 'yan'uwansa,
ƙanƙara ta yi masa hula.

Na ce, yana ci, Tauno.
Ya ce, na gani.