Cokali Ɗaya a Santambul

Na sauka da jaka ɗaya da yunwar kwana biyu.
Birnin nan kuwa kowane lungu da bakinsa,
kowane baki na fitar da tururi.

Ranar farko na tsaya gaban gilashi
ina duba farashi kamar mai karanta sammaci.
Na sulale zuwa bakin gada.
Wani dattijo ya cusa kifi cikin burodi,
ya watsa albasa, ko kallona bai yi ba.
Na ci a tsaye, tsuntsayen teku na ƙirga lomata.

Mako na biyu na koyi shayi:
ɗan kofi mai siririn ƙugu, ja kamar garwashi.
Ta leɓe ake kama shi,
in ka ƙi ji, yatsunka su gaya maka.
A Kadikoy na zubar da kuɗin cefanen kwana uku
kan gahawa guda da kujera mai kallon ruwa.
Na shanye har lakar ƙasa.
Ba wanda ya ce mini barinta ake yi.

Sai daren da ruwan sama ya koro ni
cikin wani ɗan shago bayan tashar jirgin ruwa.
Tebur huɗu, kyanwa ta mallake ɗaya.
Sabriye mai tukunya ta ji yadda na nemi miya,
ta ce, "Kai ɗan Kars ne."
Ta ƙara man shanu ban roƙa ba.

Yanzu na san gidajen abinci goma sha wani abu.
Amma ran Talata, ko na makara,
akwai cokalin da ke jirana
a gefen da murhu yake.