Abin da Gara Ta Kasa Ci

A Bethesda, ƙauyen da ruwan sama ba ya sallama,
inda tsaunuka suka yi baƙi da ɓaraguzan dutsen rufi,
nake aikin dare a gidan kula da tsofaffi.

Ɗaki na tara na Eirlys ne.
Shekara tamanin da bakwai.
Mantuwa ta shiga kanta kamar gara a rumbu,
ta ci sunan titinsu, ta ci fuskar surukinta,
ta cinye Turanci tas,
shi da ta yi shekara arba'in tana sayar da kan sarki da shi a gidan waya.
Abin da garar ta kasa ci
shi ne harshen da ta sha a nono.

Ni ban san ma da shi ba.
Na taso daga Gusau ina cewa Bature Bature ne,
jirgi ɗaya ya kwaso su, baki ɗaya, magana ɗaya.
Sai 'yarta ta gaya mini a bakin ƙofa
cewa an taɓa rataya wa kakan Eirlys katako a wuya a aji
don ya kira ruwa da sunan da uwarsa ke kiransa.

Ƙarfe uku na dare ta ce, dŵr.
Marites 'yar Filifin ta kawo bargo.
Shiji mutumin Kerala ya duba takardar magani.
Radu ya rufe taga, ya sake buɗewa.
Ƙasashe huɗu a tsaye kan gado ɗaya,
mai gida tana roƙo a ƙasar kakanninta,
babu mai ji.

Da safe ina shafa wa Mudassir man gyaɗa a burodi
na maimaita kalmar, ina murɗa baki.
Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
Umma, ruwa ne fa. Ruwa kawai.
A makaranta da shi ake karatu.

Ran Asabar na kai mata shi.
Ɗan shekara bakwai, hula ta rufe kunne, hanci na yoyo.
Ya gaishe ta, ta ɗago kamar shukar da ta ji yayyafi.
Ta kira shi Gwilym, sunan ƙanenta
da ƙurar dutse ta cinye wa huhu.
Bai gyara mata ba.
Suka yi ta zuba, suna dariyar abin da ban sani ba,
ni ina jingine da ƙofa,
baƙuwa a bakin ɗan da na haifa.

A motar komawa na yi masa Hausa,
ya amsa da Turanci yana kallon tumaki.
Can ya ce, takardar makaranta ta tambayi asalina,
gidaje da yawa, an ce a zaɓi ɗaya.
Na ce me ka zaɓa?
Ya ce alƙalamin ne ya ƙi rubutu.

Eirlys ta rasu da sanyin Fabrairu.
A ɗan cocinsu suka yi waƙa har katakon bene na rawa.
Na zauna a layin baya da mayafina,
ɗana yana bin su a hankali, ya san baitin.
Wani tsoho ya dafa kansa ya ce wani abu.
A waje na tambaya.
Wai cewa ya yi, wannan namu ne.

Ban san ko murna zan yi ba.

Daren nan na kasa barci ina lissafi:
ran da gara ta shigo nawa rumbun,
ta kwashe Turancin da na ara,
in na ce ruwa da ƙarfe uku na dare,
wa zai ji?

Na je na tsaya kan gadonsa.
Na ce Mudassir, ƙishi nake ji.
Bai buɗe ido ba.
Ya miƙa hannu yana laluben kofi.